Idan Famfon Mai Ya Mutu, Me Ya Samu Kamshaf da Metal?

Zuwa ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen injiniyan makanikai da waɗanda ke shirin fita SIWES. Darasinmu na wannan fitowa a kan wata matsala ce da duk wanda ya yi wata biyu a gareji sai ya ci karo da ita. Mota tana cikin tafiya, jar fitilar nan mai hoton buta ta kama, direba ya ce bari dai ya ƙarasa gari, can sai inji ya canza murya. An buɗe, an tarar famfon baƙin mai ya daina aiki. To, sai me?

Amsar da aka fi ji ita ce a sa sabon famfo, a zuba sabon mai, a miƙa wa mai mota makullinsa. Wannan an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Famfo ya mutu, gaskiya ne, amma ɓarnar da ke cin kuɗi tana wuraren da suka ci gaba da juyawa babu mai, wato metal ɗin karanshaf da kuma kamshaf. Ita kuwa wannan ɓarna ba a yanke mata hukunci da kunne ko da ido kawai. Aunawa ake yi.

Yadda mai ke ɗauke da ƙarfe

Mu fara da tushe. Abin da makanikai ke kira metal wasu siraran ƙarafa ne guda biyu, kowane kamar rabin awarwaro, da suke rungume wuyan karanshaf. Tsakanin wuyan da metal akwai 'yar rata, a ƙananan motoci galibi daga milimita 0.02 zuwa 0.06, wato ko kaurin gashin kai ba ta cika kaiwa ba. Idan inji yana gudu lafiya, wuyan ba ya taɓa metal sam. Juyawarsa ce take janyo mai ta cusa shi cikin ratar, man ya ɗaga shi, ya riƙa shawagi a kansa.

Wani injiniya a Ingila mai suna Beauchamp Tower ne ya gano haka a 1883. Ya huda rami a saman abin da yake gwaji da shi, mai ya riƙa fitowa, ya toshe da katako, man ya turo katakon waje. A 1886 Osborne Reynolds ya fito da lissafin da ya bayyana dalili. Abin lura a nan shi ne aikin famfo kawo mai ne ba fasawa, ɗaukar nauyin kuwa shimfiɗar man da ke cikin ratar ce ke yi. Da zarar mai ya yanke, shimfiɗar ta tafi, ƙarfe ya hau ƙarfe.

Ku yi wannan ɗan lissafi. Injin da ke juyi 3,000 a minti ɗaya yana juyi 50 ke nan a kowace daƙiƙa. Direban da ya ƙara daƙiƙa 30 kacal bayan mai ya yanke ya sa karanshaf ya yi juyi 1,500, kamshaf kuma 750, tunda shi rabin gudun karanshaf yake yi. Sannan a motoci da yawa fitilar buta ba ta kamawa sai matsin mai ya faɗi ƙasa da rabin bar. Kun ga ke nan kafin ta yi magana abu ya riga ya yi nisa.

Hanyar da mai ke bi ita ce taswirar bincikenmu. Daga tukunyar ƙasan inji, wadda ake kira botom filet, mai yana shiga ta rariya, ya hau famfo, ya ratsa filta, ya shiga babbar magudana a cikin bulok. Daga nan wani ya tafi manyan metal da ke riƙe da karanshaf, ya bi ramukan cikin karanshaf ya kai metal ɗin kwanrod. Wani kuma ya haura tof silinda ya shayar da kamshaf. Metal ɗin kwanrod shi ke shan dukan fistin, ga shi sai mai ya wuce manyan metal yake samu, shi ya sa ya kan riga kowa lalacewa. Kamshaf kuma shi ne ya fi nisa da famfo, shi ne na ƙarshen samu kuma na farkon rasawa.

Tambayoyi kafin a ɗauki sufana

Kada a tada injin don a ji ƙara. Duk juyi ɗaya ƙarin ɓarna ne. A zauna da direba cikin lalama a tambaye shi: “Malam, da fitilar ta kama, nisan me ka ƙara? Da lodi ko babu? Injin da kansa ya mutu ko kai ka kashe? Ƙarar daga sama take ko daga ƙasa?” Ƙarar sama siririya ce, kas-kas-kas, a hankali take zuwa. Ta ƙasa mai nauyi ce, kamar ana buga guduma a cikin ɗaki, tana ƙaruwa idan aka taka totur. Ita ce ake cewa inji ya buga. A sani fa, direba ya kan rage nisan da ya yi saboda tsoron mai mota. A saurare shi, amma awo ne zai yi alƙalanci.

Sai a tsiyaye man a kwano mai tsabta a fita da shi rana. Idan yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin ƙarfe, an samu amsa ta farko. A yanka filta a warware takardarta a duba. Kada a yanka da zarto, domin garin zarton zai gauraya da shaida. A sa mayen ƙarfe: abin da ya manne daga karanshaf ne, ko kamshaf, ko haƙoran famfo. Abin da bai manne ba, ja-ja ko fari-fari, jan ƙarfe ne ko dalma ko alminiyam, wato daga metal ko daga kujerun kamshaf.

Tambaya ta gaba ita ce me ya kashe famfon. Sau da yawa famfo ba ya mutuwa da kansa, yunwa ake sa masa. Rariya ta toshe da daskararren mai saboda an daɗe ba a yi juye ba ko an zuba jabu. Ko gam ɗin da aka lafta wa botom filet ya yi yawa, ya ɓalle ya liƙe rariya. Ko dutse ya daki tukunyar ta loɓa ta danne bakin rariyar, abin da hanyoyinmu suka ƙware a kai. Wasu injinan ma da halinsu aka san su. Toyota 1MZ-FE da 5S-FE na wajen 1997 zuwa 2002, irin na Camry da Sienna, sun yi suna wajen tara daskararren mai idan aka yi sakaci da juye. A wasu injinan dizal na Volkswagen 2.0 TDI kuwa, 'yar sandar nan mai kusurwa shida da ke juya famfo ce gefunanta ke cinyewa, ta riƙa juyawa a banza. Akwai kuma bawul ɗin rage matsi, wanda idan ya maƙale a buɗe mai komawa tukunya yake yi. Idan ba a gano sanadi ba, abin da ya ci tsohon famfo shi zai ci sabo.

Karanta fuskar metal

A kwance metal ɗaya bayan ɗaya, a jera su a kan tsabtataccen kwali yadda suke a cikin inji, a rubuta lamba, a ware na sama da na ƙasa. Wanda ya zube su wuri ɗaya ya zubar da rabin labarin.

Metal iri biyu aka fi samu. Akwai mai hawa uku: bayansa ƙarfe, tsakiyarsa haɗin jan ƙarfe da dalma, fuskarsa wani siririn shafe mai laushi. Idan aka ga jan ƙarfe ya leƙo, shafen ya tafi. Akwai kuma mai hawa biyu, ƙarfe da haɗin alminiyam da kuza. Shi wannan ko ya cinye ba za a ga ja ba, don haka rashin ganin ja ba shaidar lafiya ba ce.

Alamar yunwar mai daban take da ta datti. Datti layuka yake ja, dogaye, daban-daban. Yunwar mai kuwa fuskar metal take sa wa ta yi sheƙi, ta yi kamar an shafe ta da wuƙa, wani lokaci har ta narke ta yi gefe, launi ya koma shuɗi ko baƙi. A kwanrod rabin sama ya fi shan wahala, a manyan metal kuma rabin ƙasa, domin nan nauyin fashewar fetur ke sauka. A juya bayan metal ɗin ma. Idan bayan ya yi sheƙi ko 'yar ƙugiyar da ke zaunar da shi ta kwanta, metal ya juya a cikin gidansa. Idan haka ta faru, ko bakin kwanrod ya yi baƙi saboda zafi, sai an auna ramin kwanrod ɗin ko a canza shi. Sabon metal ba ya zama daram a ramin da ya zama kamar ƙwai.

Awon wuyan karanshaf

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam bai sani ba, domin babu idon da ke bambanta 0.04 da 0.09. Gwajin farko dai na farce ne. A ja farce a kan wuyan, idan ya kama layi, wuyan yana buƙatar aiki. Amma ko bai kama ba sai an sa maikuromita.

Kowane wuya wuri huɗu ake aunawa: gaba da baya, kowane a tsaye da kuma a kwance. Ga misali na ƙirƙira don mu ga yadda lissafin yake. A ce a gaba an samu 47.990 da 47.975, a baya kuma 47.988 da 47.960. Bambancin da ke gaba 0.015 ne, na baya 0.028. Wannan shi ne yadda wuyan ya kauce daga cikakkiyar da'ira. Idan aka kwatanta 47.975 da 47.960 kuma, an samu 0.015, wato wuyan ya tsuke ta gefe ɗaya. A ce littafin kamfani ya ce iyaka 0.02 ce, to wannan wuya ya faɗi, ko da yana ƙyalli kamar madubi.

Ratar mai hanya biyu ake auna ta. Ta farko, a ɗaure metal a gidansa da sufana mai auna ƙarfin ɗauri, a auna ramin, a cire kaurin wuya. Rami 48.050, wuya 47.960, rata 0.090 ke nan. Ta biyu ita ce Plastigauge, wani siririn zaren roba da ake shimfiɗawa a kan busasshen wuya, a ɗaure murfi daidai ƙa'ida, a kwance, a gwada faɗin da ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Kore yana auna 0.025 zuwa 0.076, ja kuma 0.051 zuwa 0.152. Sharaɗi biyu: kada a juya karanshaf yayin gwajin, kuma idan injin yana jikin mota a tallafe karanshaf sama kafin a gwada manyan metal, in ba haka ba nauyinsa zai danne zaren ya ba da amsar ƙarya.

Me ya sa ake ta da jijiyar wuya a kan wannan 'yar rata? Saboda famfo turo mai kawai yake yi, matsi kuwa ƙuncin rata ne ke haifar da shi. A lissafi, idan rata ta ninka biyu, man da ke zurarewa ta cikinta zai iya kaiwa ninki takwas. Shi ya sa za ku ga an sa sabon famfo, da safe lafiya lau, amma da inji ya yi zafi mai ya tsinke, fitilar buta ta fara ƙyafta ido a sulo. Sai a ce famfon jabu ne. Sau da yawa famfon ba shi da laifi, metal ne ke zubar da man kafin ya haura sama, kamshaf ya ci gaba da zama da ƙishi.

Idan wuya ya faɗi awo, sai a kai karanshaf wurin masu yanka. Ana rage shi da milimita 0.25 ko 0.50 ko 0.75, abin da ake kira ten, twenti da tati, sunayen da suka samo asali daga awon inci. A sayi metal daidai da yankan, kuma idan ya dawo a sake aunawa da hannunka. Kada a dogara da abin da aka rubuta da alli a jikinsa.

Hawa sama wurin kamshaf

A yawancin injinan yanzu kamshaf ba shi da metal. Kai tsaye yake kwance a kan alminiyam ɗin tof silinda, da murafu a samansa. Su waɗannan murafu tare da tof silindar aka huda su a kamfani, shi ya sa kowane yake da lamba da kibiya. Ba a musanya musu wuri, ba a aro daga wani inji. Wajen kwancewa a riƙa sassauta su kaɗan-kaɗan bi da bi kamar yadda littafi ya tsara, domin sifirin ɗin bawul yana turo shi, kuma kamshaf na zubin ƙarfe karyewa yake yi, ba ya lanƙwasa.

Abu huɗu ake dubawa. Na farko kujeru da wuyan kamshaf. Idan alminiyam ya narke ya manne a wuya, ko kujerar ta yi kwari, galibi maganar ta koma ta canza tof silinda. Ana auna ratar da Plastigauge, amma sai an cire tafet ko roka don kada sifirin ya danna.

Na biyu tozo, wato ƙusumbin da ke danna bawul. A auna tsayinsa daga ƙasa zuwa ƙololuwa, a auna faɗinsa a kwance, a cire. A ce tsayi 44.60, faɗi 35.00, ɗagawa 9.60 ke nan. Idan maƙwabcinsa mai aiki iri ɗaya ya ba da 9.10, ya yi asarar rabin milimita, bawul ɗinsa ba ya buɗewa sosai, silindar ta rage ƙarfi. Fatar tozo kawai aka ƙarfafa, cikinsa bai kai ta tauri ba. Da zarar fatar ta huje, ko ta yi ƙananan ramuka kamar zanzana, sauran cinyewar ba ta ɗaukar lokaci. Gogawa da sanfefa ba ta maido da ita.

Na uku miƙewa. A ɗora kamshaf a kan mazaunai biyu masu bakin V, a sa dayal geji a wuyan tsakiya, a juya a hankali a ga iya rawar allurar. Na huɗu wasan gaba da baya, shi ma da dayal geji. Duka biyun a gwada da adadin da ke littafin wannan injin, ba na wani ba.

Idan za a canza kamshaf, a canza tafet ko rokar da ke gogarsa. Tsohuwar fuska mai kaushi cinye sabon tozo take yi.

Yanke shawara da faɗa wa mai mota

Bayan awo, hukunci uku ne. Idan komai yana cikin ƙa'ida kuma filta ba ta nuna ƙarfe ba, famfo da rariya da sabon metal sun wadatar, tunda an riga an buɗe kuma metal ba shi ne mai tsada ba. Idan wuya ya faɗi amma bulok da tof silinda lafiya, a yanka karanshaf a yi cikakken aiki. Idan babban metal ya juya a cikin bulok, ko kujerun kamshaf sun narke, a zauna a yi lissafi, domin wani lokaci sayen inji ɗan Beljiyam a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya fi sauƙi. Shi ma a buɗe ƙasansa a duba kafin a ɗora.

Akwai dabarun da za ku gani a wasu garejoji waɗanda ya kamata ku guje musu: cusa takarda ko gwangwani a bayan metal, goge bakin murfi don rata ta matse, ko zuba mai mai kauri don a ɓoye ƙara. Duk kwana kaɗan suke saya. Ranar da kwanrod ya ɓalle ya huda bulok, mai motar da ya gudu daga kuɗin yanka zai biya kuɗin inji sukutum. In motar haya ce, ga kwanakin da za ta yi a kwance babu kuɗin cefane, in kuma a tsakiyar daji abin ya faru da fasinja a ciki, maganar ta wuce ta kuɗi.

Mai mota zai matsa, wannan tabbas ne. “Injiniya, famfo kawai na ce ka canza mini.” Ba gardama za a yi da shi ba. A ɗauko kwalin da aka jera metal a kai da takardar awo a ce: “Alhaji, ga abin da kamfani ya ce, ga abin da muka samu. In mun rufe a haka, za ka dawo, kuma kuɗin zai fi wannan.” Mutum ya fi yarda da abin da aka nuna masa. In ya dage, a rubuta shawarar da aka ba shi a takardar aiki.

Kafin a sake tadawa

Garin ƙarfen da ya bazu a cikin inji yana nan a maƙale. A buɗe matosan magudanun mai a wanke da buroshi da iska, haɗe da ramukan cikin karanshaf. Na'urar sanyaya mai, in akwai, canza ta ya fi, don ba ta wankuwa sosai. A duba turbo, da abin ɗame sarƙar taimin, da 'yar rariyar VVT, duk mai ɗaya suke sha. Kusoshin da littafi ya ce sau ɗaya ake ɗaura su, a sa sababbi. Wajen haɗawa a shafe metal da tozo da mai, a cika famfo da shi. A cire fulogi, a yanke fetur, a juya injin da kik har matsi ya hau. A ɗaura gejin matsi na gaske a ramin suwic ɗin fitila, a karanta a sanyi, a sake karantawa bayan inji ya yi zafi sosai, a sulo da kuma a juyin da littafi ya ambata. Karatun zafi shi ne abin dogaro. Bayan 'yar tafiya kaɗan a yi juye, a sake yanka filta a tabbatar ba ta tara sabon ƙarfe ba.

Shawarata ga 'yan'uwa ita ce kada mu jira sai mun fita. A makon nan ku je wokshof ku roƙi malamin da ke kula da kayan aiki ya ba ku maikuromita da tsohon kamshaf. Ku auna tozo ɗaya sau biyar, abokinku ma ya auna, ku ga ko amsarku za ta zo ɗaya. Idan ba ta zo ba, ku maimaita har hannu ya saba. Ogan gareji ya fi mu kunne da sanin halin mota, wannan za mu koya a wurinsa cikin ladabi. Abin da mu za mu kai masa shi ne awo da rubuta shi. Allah ya ba mu sa'a a karatu da jarrabawa, amin.